Na Ari Bakin Mutum Uku a Gaban Taro

Sana'ata ɗinki. Keke biyu gare ni a shagon da ke jikin gidanmu a Kurna, da 'yan mata masu koyo, kuma in ban da takardar kammala sakandare ba ni da wata da zan nuna. Na faɗi haka tun farko ne don wanda ya ci karo da bidiyon nan da ke yawo a waya, ya ga mace tsaye da takarda tana juya murya, kada ya ɗauka malamar jami'a ce ko ma'aikaciyar gidan rediyo.

A gidan makoki na fara karatu a bayyane. Mahaifinmu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya rasu a 1998, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara. Ni ce babba, lokacin ina shekara 17. Innata ce uwargida, Bakanuwa. Abokiyar zamanta, wadda muke kira Goggo, daga Gusau aka auro ta. Sun shekara fiye da goma a gida ɗaya, amma in ba gaisuwar safe ba da "ga abinci nan", magana ba ta haɗa su. Sai ga takaba ta zo ta kulle su tare wata huɗu da kwana goma. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba zuwa unguwa. Tsofaffin dangi kuma suka ƙara musu da nasu na al'ada: kada su ɗaga murya, kada su yi sauri in suna tafiya, kowacce da 'yar wuƙarta a hannu. Har zuwa sadakar arba'in gidan cike yake da 'yan gaisuwa. Da aka watse, sai shiru ya sauka, irin wanda har ƙarar faɗuwar ludayi kan sa mutum ya zabura.

A shekarun nan littattafan hikaya na Hausa suna tashe, waɗanda masu sukarsu ke kira adabin kasuwar Kano. A layinmu akwai yaro mai tebur da ke ba da su haya. Nakan ɓoye ɗaya cikin hijabi in shigo da shi. Wata rana bayan la'asar Goggo ta gan ni a bakin rijiya ina murmushi ni kaɗai, ta ce, "Ɗiyata, karanto muna mu ji." Na fara a hankali, ina satar kallon ƙofar ɗakin Inna. Ba ta hana ba. Kashegari ta fito da tsintar wakenta bakin ƙofa. Kafin mako ya zagayo, tabarma ɗaya suke zama, suna musu a kan ko yarinyar cikin littafin ta kyauta da ta bijire wa zaɓin ubanta. Na san akwai masu cewa wannan ba karatun mai takaba ba ne. Ni dai abin da idona ya gani ke nan.

Takaba na ƙarewa Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya zo da maganar sayar da gida. Aka sayar. Matan biyu suka raba tumuni a tsakaninsu, Goggo ta kwashi 'ya'yanta ta koma Gusau, mu kuma muka kama haya. Wannan abu ya zauna mini a ƙirji shekara da shekaru. Da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016, na ji ƙa'idar cewa labari kada ya gaza kalma 1,000 kuma kada ya wuce 1,500, sai na ga ai wannan ma'auni ne da zan iya. Na rubuta labarin a waya, da dare, bayan an rufe shago. Ban aika ba. Na dai tura wa wata ƙawata da ke cikin wata ƙungiyar marubuta, ya yi ta zama a wajenta.

A watan Yulin 2023 ta kira ni. Ƙungiyarsu za ta yi taron Ranar Hausa ta Duniya, wadda ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, kuma ban da jawabai da waƙe suna son a karanta gajeren labari, ba karatun aji ba, a karanta shi da muryoyi yadda mutane za su ji kamar suna tsakar gidan. Ta ce minti goma za a ba ni. Na ce mata ta nemi 'yan wasan kwaikwayo. Ta ce sun gwada wata, ta karanta shi kamar sanarwar ɗaurin aure.

Maigidana bai ce a'a ba, amma bai ce e ba. Tambayarsa ɗaya: da maza a wurin? Na ce da su. Ya ce in je in ji ta bakin Kawu, duk abin da ya yanke shi ke nan. Kawu yayan Inna ne, alaramma ne, shi ke jan baki a tafsirin azumi a masallacin unguwarsu tun ina yarinya. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na karanto masa buƙatata ina jiran faɗa. Sai ya tambaye ni ko na san su waye 'yan taru. Ya ce Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, waƙoƙi take rubutawa ta ba matan da ake kira jaji, shugabannin 'yan taru, wato ɗalibanta mata, su ɗauka su shiga ƙauyuka suna rera wa mata, kuma ba da raɗa suke yi ba. Ya ce abin da aka hana mace shi ne karya murya, ba magana ba. "Ki rufe jikinki, ki tsaya da ƙafarki, ki faɗi abin da ya kai ki. Amma ban da rangwaɗa." Sannan ya ja mini kunne kada in kuskura in kwatanta abin da zan yi da karatun Alƙur'ani, ko da wasa. Ya ce numfashi kaɗai zai koya mini, don shi numfashi na kowa ne.

Kafin numfashi sai da aka yi yanka. Maigida ya riƙe agogon waya, na karanta labarin daga farko har ƙarshe, ya haura minti goma sha uku. Ashe abin da ido ke haɗiyewa cikin ɗan lokaci, baki sai ya tauna shi. Na zauna da biro na yi masa irin yankan da nake wa atamfar mutane, a auna sau biyu kafin a sa almakashi. Bayanin yadda unguwar take ya tafi. Tarihin auren Goggo ya tafi. Duk wani "ta ce" da "ya ce" da murya za ta iya ɗauka na cire shi, don in har mai sauraro yana buƙatar a gaya masa wa ke magana, to mai karatu bai yi aikinsa ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wata doguwar jimla a kan ƙanshin turaren mahaifinmu da ya rage a jikin babbar rigarsa. A takarda ta fi komai kyau. A baki kuwa numfashi biyu ba ya kai ta, sai na raba ta uku, na jefar da ɗaya.

Na kai shagon buga takardu. Da aka fitar, duk inda akwai ƙ da ɗ da ɓ sai ga wani ɗan akwati a madadinsu. Yaron ya sauya salon rubutun kwamfutar har aka dace da wanda ya san haruffanmu. Na sa ya ƙara girman rubutun, ya buɗa tsakanin layuka, ya buga a fuska ɗaya kawai, kuma kada ya sa ƙusa. Wannan shawarar ƙawata ce: takardar da aka maƙale sai an juya ta, makirufo kuma ba ya yafe ƙarar juya takarda. Wadda ba a maƙale ba zame ta kawai ake yi gefe. Na kuma tabbatar babu shafin da ya ƙare a tsakiyar magana. Sai biro kala uku: ja na Uwargida, shuɗi na Amarya, kore na ƙanin miji. Abin da ba a ja masa layi ba nawa ne, mai ba da labari.

Akwai wata jimla a tsakiyar labarin da Uwargida ke gaya wa Amarya: "Gado ne ya haɗa mu, gado ne zai raba mu." Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, don haka a takarda kalma ɗaya ce sau biyu. A baki ne na farko yake na kwanciya, na biyu na dukiyar mamaci. 'Yata ta karanta mini ita don in ji, ta ja su duka biyun iri ɗaya, maganar ta mutu murus. Na sa alama a kan na biyun, na rubuta a gefe: ja shi, sauke shi. Kunya kuma tana nan. Magana ce ta ɗaki, ga shi zan faɗe ta a gaban dattawa. Na yi tunanin cire ta, amma in ta fita labarin ba shi da ƙashin baya.

Darasin Kawu a tsakar gidansa aka yi shi, matarsa na gefe tana yankan kuɓewa. Ya zauna a kan buzu da sandarsa. Ya ce in karanta. Duk inda na ja numfashi a wurin da ma'ana ba ta tsaya ba, sai ya buga sandar a ƙasa, ƙwas. Shafin farko kaɗai ƙasar ta sha duka. Ya ce matsalata ina jira sai iska ta ƙare kafin in nema, alhali mai karatu tun yana da saura yake ɗiba, a wurin da ya zaɓa tun a gida. Ya sa na ɗora tafin hannu a cikina. In kafaɗa ce ta ɗaga, ba a yi ba. In hannun ne ya motsa, an yi. Muka bi takardar layi-layi ina sa karan tsaye ɗaya inda zan ɗan sarara, biyu inda zan tsaya cak. Ya ce in na zo kan biyun in ƙirga uku a zuci, ko da zan ji kamar shekara ce. "Ke ce kike jin tsawonsa. Su lokacin ne maganar ke isa gare su." Da zan tafi ya hana ni ruwan sanyi da ƙanƙara har sai an gama, ya ce citta da kanumfari da zuma a ruwan ɗumi, abin da shi ma yake sha ke nan duk azumi.

Muryar Uwargida ba ta ba ni wahala ba, a cikinta na tashi. Ta Amarya ce ta so ta gagare ni, tunda an hana ni karya murya, ita kuwa a zuciyar kowa amarya da kissa aka san ta. Sai na tuna Goggo ba da kissa ta bambanta da Inna ba, da harshe ne da sauri. Tana cewa "munka" inda muke cewa "muka", "shina" a wurin "yana", "biyat" a wurin "biyar". Na ɗauki kaɗan na barbaɗa. Ban cika ba, don da zarar Bakano ya ji ana kwaikwayon Zamfarci da yawa, dariya zai fara, ya ɗauka barkwanci ake.

Saura ƙanin miji. Shi na fi ba ƙarfi, kuma da shi na fi jin daɗi. Na kumbura murya, na haɗe gira, na ba shi tsawa. Yaran shago suna ta tafi. Da haka na tafi wajen Inna, don ba zan kai sirrin ɗakinta gaban jama'a ba tare da ta ji da kunnenta ba.

Ni ce 'yar fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika haɗa ido da ni ba. Ta zauna tana gyaran zogale, na tsaya daga bakin ƙofa na karanta. Ba ta ɗago ba har na kai ƙarshe. Jimlar gado ta wuce, hannunta bai ko tsaya ba. Sai da na ninke takardar ta ce, "Ke, wane ne wannan mai hargagin?" Na ce Baffa ne. Ta ce, "Baffanku bai taɓa ɗaga mana murya ba. Da sallama ya shigo, daga bakin ƙofa ya tsuguna, kansa a ƙasa. Da ya yi mana tsawa ai da mun samu abin riƙewa." Ta ci gaba da zogalenta. Na tambaye ta ko ta yarda in karanta. Ta ce in dai ba a ambaci sunan kowa ba, ita ba ruwanta, amma ba za ta je ba.

Wannan magana ta rushe mini rabin shiri. Na koma na zauna ina tuno Baffa na gaskiya, ba wanda na gina a raina tun ina shekara 17 ba. Mutum ne mai sanyin magana. Yakan yi gyaran murya kafin ya fara, carbi na zagaya yatsunsa, kuma kusan kowace jimla sai ya rufe ta da "ko ba haka ba?", ba don yana jiran amsa ba. Na daina kumbura murya gaba ɗaya. Mace in ta matsa sai ta yi muryar namiji, tashe take yi, tashe kuwa don dariya ake yin sa. Abin da na yi kawai shi ne na rage gudu, na sunkuyar da haɓa kaɗan, na bar gyaran muryar da "ko ba haka ba?" su yi aikin. Ranar da na gwada wa yaran shago sabon salon babu wadda ta tafa. Ƙaramarsu ta ce, "Anti, wannan ya fi ban tsoro." Ni kuma abin da ya dame ni daban ne. Muddin ina masa tsawa, mugu ne kawai. Da na sassauta, sai na riƙa jin mutum ne da ya zo da maganar da shi ma ba ya son faɗa, kuma ban so jin hakan ba.

Wuri ɗaya ya rage, inda matan biyu ke raba kwanuka, aka zo kan tabarmar da suke zama, kowacce ta ce ɗayar ta ɗauka. Duk sanda na iso nan sai maƙogwaro ya shaƙe. Kawu ya ce mai jan baki da ya fashe da kuka ya bar mutane da kallonsa, sun bar sauraron abin da yake karantawa. Maganinsa maimaici. Na yi ta karanta wurin ina wanke-wanke, ina taka keke, ina jiran ruwa ya tafasa, har ya huce a bakina. Na kuma yanke shawarar in karanta shi a miƙe, ba ado, yadda nake karanto wa mai kaya lissafin kuɗin ɗinkinsa.

Ranar ta faɗo Asabar. A ɗakin taron wata kwaleji aka yi, mai rufin kwano. Na isa da wuri don in gwada makirufo, kuma gara da na yi. Mai kayan sautin ɗan biki ne, ya ƙure amsa-kuwwa yadda ake wa mawaƙa, in ka ce "salamu alaikum" sai ta dawo maka sau uku. Na roƙe shi ya kashe, ya ce ai ita ce daɗin. Sai da ƙawata ta sa baki. Na gano in na matso kusa, duk ƙ da ts sai su fashe a lasifika, don haka na ja baya kamar taƙi ɗaya. Na cire awarwaro na jefa a jaka, na soke hijabin da allura ta yadda ba zai riƙa gogar makirufo ba. A shekarar ne aka cire tallafin man fetur, lita ta haura naira 600, masu taron suka ce man janareta na awa biyu suka iya saya, in an ɗauke wuta kowa ya taƙaita. Manyan baƙi ba su ji wannan ba. Ina zaune ina jin jawabi bayan jawabi, tafin hannuna na jiƙa gefen takarda, hadari kuma na haɗuwa ta gabas.

Ana kiran sunana yayyafi ya fara. Ban yi dogon gabatarwa ba, sallama kawai da sunan labarin. Layin farko na haddace shi, don haka na faɗe shi ina kallon mutane, na zaɓi wata dattijuwa a layi na uku na mai da ita wadda nake ba labarin. Gwiwata na rawa, amma doguwar riga ta rufa asiri. A shafi na biyu ruwan ya sauko sosai a kan kwano. Na ga na baya suna miƙo wuya. Raina ya ce in ɗaga murya in yi sauri, sai na tuna sandar Kawu, na matso makirufo kaɗan, na ƙara rage gudu.

Da na zo jimlar gado na ja na biyun, na sauke shi, na tsaya a kan karana biyu. Ɗaya, biyu. Kafin uku wani daga baya ya tuntsire da dariya, sai kuma ɓangaren mata ya ɗauki guna-guni, wata ta ce "Wallahi kuwa!" da ƙarfi. Wannan ban shirya masa ba, a gida babu mai amsa mini. Na jira har ya lafa, don in na ci gaba a kansa layin da ke biye ya ɓata. Da ƙanin miji ya yi gyaran murya ya ce "ko ba haka ba?", na ji wani dattijo a gaba ya ce "Hmm", irin ta wanda ya taɓa zama a irin wannan zaure. Wurin tabarma ya zo, na karanta shi a miƙe. Dattijuwar layi na uku ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, na ɗauke idona daga kanta na mayar kan agogon bango har na wuce. An ɗauke wuta ina shafin ƙarshe, janareta ya karɓa bayan ɗan jim, na maimaita jimlar da ta yanke daga farkonta.

Ban san ana ɗauka a waya ba. Kafin sati ya ƙare bidiyon ya shiga rukunin WhatsApp na dangi. Goggo ta aiko da saƙon murya daga Gusau, rabinsa dariya rabinsa kuka, tana cewa Zamfarcina na 'yan koyo ne, kuma tabarmar tana nan wajenta ko da yake ta mutu. Rabon da in ji muryarta tun bikin autarta.

Baffa bai kira ba. Yanzu ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ɗansa ne ya zo shago da yamma, ya gaishe ni, ya ce an kunna wa Baffa ya saurara har ƙarshe, ya sa aka maimaita masa wurin da yake magana. Sannan ya ba da saƙo a kawo mini. Ya ce a gaya mini ya ji, kuma ban yi masa ƙarya a murya ba. Amma akwai abin da babu a labarin: mahaifinmu ya rasu da bashin dilolin atamfa a kansa, masu kaya sun yi haƙuri har aka fita takaba, kuma a shari'a sai an biya bashi kafin a raba gado. Shi ya hana a gaya wa matan yawan kuɗin don kada su ga kamar mijinsu ya bar su a tozarce. Ya ce in zan sake karantawa, in sa wannan.

Na je na tambayi Inna. Ta ce ta san da bashin, ba ta dai san ya kai haka ba, kuma ko ya kai, da an yi shawara da su. Wata makarantar 'yan mata ta gayyace ni in karanta musu labarin, su ma minti goma suka ba ni. Na ƙara wa ƙanin miji layi huɗu da koren biro, na ƙara wa Uwargida ɗaya da ja. Maigida ya auna, ya haura da kusan minti ɗaya, don haka yanzu ina neman abin da zan cire a shafi na biyu.